Hafsatu Abdulwahid: Mun Riƙe Sunan, Mun Yar Da Littafin

Mai karatu, bari in fara da tambaya, kuma don Allah kada ka yi saurin amsawa. Yaushe rabonka da ka riƙe littafin So Aljannar Duniya a hannunka? Ban ce yaushe ka ji sunansa ba, don wannan kam ko ɗan sakandare ya haddace shi saboda jarrabawa: wace ce mace ta farko da aka buga littafinta na ƙagaggen labari da Hausa? Hajiya Hafsatu Abdulwahid. Shi ke nan, an ci maki ɗaya, an wuce. Amma ka tare mutum goma cikin masu wannan amsa ka ce su faɗa maka abin da littafin ya ƙunsa, sai ka ga ana ta sosa ƙeya.

Abin da ya tayar mani da wannan magana ba a wajen taron marubuta ya faru ba, a cikin mota ne, tsakanin Boɗinga da Shagari. Mun taso da wata gwaggona za mu wani ƙauye da ke bayan Shagari, inda aka kira taron dangi a kan wata ɗiyar kawuna. Laifinta shi ne an yi mata miji a cikin gida, ɗan baffanta, ita kuwa ta ce akwai wanda take so, wani malamin makaranta, mutumin kirki da kowa ya shaida, sai dai ba Bafulatani ba ne. Tun daga tasha Gwaggo take faɗa, da muka wuce Sifawa sai ta juyo kaina, tunda ta san sana'ata. Ta ce, "Ai ku ne. Hina-hinan ga naku su sunka lalata muna ɗiya. Da can wa ka buɗa baki gaban manya ta ce ga wanda taka so?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan magana ta girmi fim. Tana cikin littafi tun 1980."

Ta ce, "Wa ar rubuta shi?"

Na ce, "Bafulatana ce 'yar'uwarki."

Shiru ta yi har muka isa. Ni kuwa tun daga ranar nake jin ya kamata mu zauna da kai, mai karatu, mu dubi wannan baiwar Allah da aikinta da idon basira, ba da idon masu raba lambar girma ba.

An haifi Hajiya Hafsatu a Ƙofar Mata cikin birnin Kano a 1952. Ta yi firamare a Shahuci, ta shiga makarantar 'yan mata ta lardi wadda daga baya ta zama Shekara, aka yi mata aure a 1966 tana ƙaramar yarinya. Zama ya kai ta Gusau, wadda a da take cikin jihar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996, don haka mu ma nan muna da rabo a cikinta. Ka lura da wannan: ba daga jami'a ta fito da alƙalaminta ba.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai. Littattafai uku suka yi nasara aka buga su a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo na ɗaya, So Aljannar Duniya na biyu, sai Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Don ka gane nauyin abin, koma baya zuwa gasar 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Duk maza ne suka rubuta su. Daga wannan gasa zuwa 1980 shekara 47 ke nan, sannan aka ga sunan mace a bangon littafin labari.

Ba wai mata ba su taɓa rubutu a ƙasar nan ba. Mu da muka tashi a gefen Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, da Boɗinga inda ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna, ba mu buƙatar a ba mu labarin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajinta ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Haka nan a shekarar da littafin Hafsatu ya fito, mutumin da ke kan kujerar shugabancin ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, shi kansa marubucin waƙa ne, mai Waƙar Nijeriya. To amma waɗannan duk rubutu ne na karantarwa, babba yana magana, ƙarami yana saurare. Abin da Hafsatu ta zo da shi daban ne: ta juya tabarmar, ta sa yarinya ta yi magana, babba ya saurara ko da ransa bai so ba.

Labarin na Boɗaɗo ne, budurwa Bafulatana, da Yasir, saurayi mai jinin Larabawa. Marubuciyar ta sha faɗa cewa abin da ya faru da yayarta, wadda ta auri mutumin Libiya, shi ya ba ta hasken labarin. Tun a farkon littafin ba a tsaya kwatanta mana ruga da shanu da kyawun yarinya ba, sai kawai muka faɗa tsakiyar gardama, yarinya tana shaida wa innarta cewa zaɓin miji nata ne, innar kuma tana salati tana mamakin lalacewar zamani. A gidan da kunya da kawaici suke gaba da komai, inda mace ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, wannan ba ƙaramar tsawa ba ce.

A nan ƙarfin littafin yake, kuma a nan nake so masu shirya fim su buɗe kunne. Abin da ya shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir ba talauci ba ne, ba kuma bambancin addini ba. Dukansu Musulmi ne, alƙibla ɗaya suke kallo. Asali ne ya raba su, wato wannan tambaya da ake yi ƙasa-ƙasa in an zo neman aure: su wane ne su? Hafsatu ta ɗora yatsa a kan gyambon da muke rufewa da babbar riga. A kan mumbari muna cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, amma ran da ɗan maƙera ko ɗan mahauta ko ɗan wanzamai ko wanda ba yarenmu ɗaya ba ya aiko neman ɗiyarmu, sai a ce a ba mu lokaci mu yi shawara, shawarar da ba ta ƙarewa.

Sannan ba ta mai da innar muguwa ba. Duk wanda ya zauna da tsofaffinmu ya san tsoronsu na gaskiya ne: in yarinya ta yi nisa wa zai bi mata haƙƙinta, wane harshe jikoki za su ji, ina dukiyar gida za ta dosa? Gardama mai daɗi ita ce wadda kowane ɓangare yake da abin faɗa, kuma irinta ce ta buɗe littafin.

To amma, mai karatu, ba yabo kaɗai na zo yi ba, don wanda ya yabe ka ko'ina bai karanta ka ba. A ganina littafin ya fara da ƙafar dama ya ƙare da ɗingishi. Da tafiya ta yi nisa sai aljanu suka shigo cikin lamarin masoyan, labarin da ya faro a tsakar gida ya koma fagen tatsuniya. Na san za a ce ai gadon da ta tarar ke nan, tunda Ganɗoki da Ruwan Bagaja cike suke da aljanu, kuma masu karatu na lokacin sun saba da haka. Gaskiya ne. Amma duba abin da aka yi asara. Faɗa da inna faɗa ne mai ciwo, don kana son ta, kuma gobe da safe sai ka durƙusa ka gaishe ta. Faɗa da aljani kuwa ba shi da wannan nauyi, don babu mai karatun da zai tsaya ya ce wataƙila aljanin ma yana da gaskiya. Da zarar abokin gaba ya zama aljani, dangi sun tsira daga tuhuma, mu ma masu karatu mun samu wurin ɓuya. Ga shi kuma littafin siriri ne, wasu abubuwan da suka cancanci a zauna a kansu an bi ta kansu da gudu.

Duk da haka ƙofar da ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Bayanta ne Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo da Wa Zai Auri Jahila?, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da nata, har abin ya zama kasuwa guda wadda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta ɓarin tawada a jaridu a kansa cikin shekarun 1990. Daga littafi abin ya tsallaka zuwa kaset: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ki Yarda Da Ni, da Alhaki Kwikwiyo duk sun zama finafinai. Yau ga gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, ga kuma ɗimbin 'yan mata da ke rubuta labari a waya suna rabawa a WhatsApp. Ko sun sani ko ba su sani ba, duk jikokin Boɗaɗo ne.

Sai dai me muka gada, mu 'yan fim? Mun ɗauki kwanon mun bar tuwon. Mun ɗauki yarinya mai cewa sai wanda take so, muka sa mata waƙa da rawa a gindin bishiya, amma dalilin da ya sa ake hana ta muka sauya shi da mai sauƙi. A In Da So Da Ƙauna 'yar masu kuɗi ce da talaka. A Sangaya yarima ne da 'yar aikin gida. Waɗannan sun yi kyau a lokacinsu, amma tun daga nan aka kama hanya ɗaya kamar jerin tururuwa: mai kuɗi da talaka, talaka da mai kuɗi, har zuwa finafinai masu dogon zango na YouTube. Rikicin kuɗi yana da daɗin warwarewa, don a kashi na ƙarshe sai a gano ashe yaron ɗan wani attajiri ne da ya ɓace, kowa ya yi dariya. Rikicin asali kuwa ba ya warwaruwa da gadon da ya faɗo daga sama, dole sai wani ya sauya ra'ayi, ko wani ya yi rashi. Ban ce ba a taɓa gwadawa ba, amma ka ƙirga da yatsunka ka gani. Abin haushin ma, raunin littafin shi muka fi riƙewa da kyau: da labari ya cije wa marubuci sai a ruga gidan boka, a sa hayaƙi da jar fitila.

Ita kuwa marubuciyar ba ta tsaya a takarda ba. Gabanin zaɓen 2003 ta fito neman takarar gwamnan Zamfara, a lokacin da jihar take bakin duniya saboda ƙaddamar da shari'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce, ba ta kuma samu tikitin ba. Ko ka yarda da wannan yunƙuri ko ba ka yarda ba, ka san dai wadda ta ƙagi Boɗaɗo ba da wasa ta ƙage ta ba. A gidanta ne kuma fitacciyar 'yar jarida Kadaria Ahmed ta tashi.

Ga inda abin yake da ban takaici. Matar da ta rubuta littattafai sama da 30, 'yan ƙalilan ne suka ga injin ɗab'i, irin su 'Yardubu Mai Tambotsai, da Saɓa Ɗan Sababi, da Namijin Maza Tauraron Annabawa a kan rayuwar Manzon Allah (SAW), da kundin waƙoƙinta Ancient Dance. Muna kiranta marubuciyar waƙoƙi, amma mu nawa ne muka taɓa zama muka karanta baiti ɗaya nata? Ni kaina kwafin So Aljannar Duniya da nake da shi na hoto ne, wasu shafukan sun dushe sai na kai su bakin taga. Wannan wace irin karramawa ce, a yi ta kiran sunan mutum a taro ana tafi, alhali aikinsa yana cikin akwati?

Don haka roƙona uku ne. Masu buga littattafai da sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da mu, su nemi izini a fito da rubuce-rubucen nan a inda matasa za su same su. Furodusoshi masu kukan rashin labari su nemi littafin su karanta, in za su ɗauka su bi ta ƙofa su biya haƙƙi, su kuma riƙe rabin farko da hannu biyu. Kai kuma mai karatu, ka nema ka karanta, in ka ga na zalunci aljanun nan ka rubuto, filin nan naka ne.

Maganar ɗiyar kawuna kuwa har yanzu tana hannun manya, ba a ɗaura ba, ba a kuma fasa ba. Amma da za mu rabu a Boɗinga, Gwaggo ta riƙe hannun rigata ta ce, "Littahin nan da kac ce, in ka tashi zowa ka taho da shi, a samu yaro shi karanta min in ji." Na kai mata. Abin da za ta ce in ta ji, wallahi ban sani ba, amma dai za ta ji daga bakin 'yar'uwarta, ba daga bakin ɗan fim ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.