Wa Ke da Iko da Igiya? Sharhin Littafin Premier de cordée

Littafin da na ɗauko mana yau ya haura shekara 80 da fitowa, kuma labarin wata duniya ce mai nisa da tamu: duniyar ƙanƙara da duwatsu masu tsini a tsaunukan Alp na ƙasar Faransa. Sunansa Premier de cordée, wato "na gaban igiya", mutumin da ke kan gaba idan masu hawan tsauni suka ɗaura igiya ɗaya a ƙugunsu. Na zaɓe shi ne saboda tambayar da ke kwance a tsakiyarsa: idan ka ɗauki jagora ka biya shi lada, sai kuka isa inda rai ke iya salwanta, maganar wa za a bi? A ganina marubucin ya tayar da wannan tambaya da ƙwarewa, daga baya kuma ya sake ta a hanya.

Marubucin

An haifi Roger Frison-Roche a birnin Paris a 1906. Tun yana saurayi ya koma Shamoni, garin da ke gindin Mon Bulan, tsaunin da tsawonsa ya zarce mita 4,800. A 1930 ya shiga ƙungiyar jagororin garin, wadda aka kafa tun 1821, kuma shi ne na farko da ba haifaffen kwarin ba da aka karɓa. Saboda haka sana'arsa yake ba da labari. Ya san Sahara ma: ya hau duwatsun Hoggar a 1935, ya zauna a Aljiyas yana aikin jarida daga 1938, daga baya ya ratsa Tenere tare da ayarin motocin Berliet. A can Aljiyas ya rubuta wannan labari, jaridar La Dépêche algérienne ta riƙa buga shi kashi-kashi a 1941, kafin kamfanin Arthaud ya fitar da shi littafi. Ya rasu a Shamoni a 1999.

Labarin a taƙaice

Jean Servettaz gogaggen jagora ne. Ya san abin da tsauni ke ci, don haka ba ya son ɗansa Pierre ya gaje shi. Yana tara abin da ya samu yana faɗaɗa gidansa ya zama masaukin baƙi, yaron ya riƙe. Wata rana ya ɗauki wani Ba'amurke mai suna Warfield zuwa Drus, dutse mai tsini kamar mashi wanda ya haura mita 3,700, tare da mai ɗaukar kayansu Georges. Hadari ya taso. Jean ya ce a juya. Baƙon ya ƙi, ya nuna kuɗinsa ya biya, ya kuma goranta wa jagoran tsoro. Jean ya ci gaba. Aradu ta faɗa masa a kusa da ƙololuwa, ya mutu nan take. Ba'amurken ya zautu, Georges ya sauko da shi da rai, amma sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa.

Pierre ya shiga tawagar da ta je ɗauko gawar mahaifinsa, ya faɗo ya fasa kai. Da ya warke sai jiri ya kama shi, ya kasa leƙa rami. Ya lalace da shaye-shaye. Da taimakon abokansa da budurwarsa Aline da kawunsa, tsohon jagora Ravanat, ya yaƙi jirin, har shi da Georges suka hau Aiguille Verte mai mita 4,122.

Inda littafin ya yi zarra

Tsawon lokaci, waɗanda ake ja ne ke rubuta labarin hawan Alp, su kuwa masu jan sai dai a ambace su. A ranar 14 ga Yuli 1865 aka fara taka ƙololuwar Matterhorn, mutum bakwai suka hau, huɗu suka mutu a saukowa bayan igiya ta tsinke, cikinsu har da jagora Michel Croz ɗan kwarin Shamoni. Baturen Ingila Edward Whymper ya rubuta littafi ya yi suna. Jagora Peter Taugwalder kuwa ya rayu da tsegumin cewa shi ya yanke igiyar, duk da binciken hukuma bai same shi da laifi ba. Frison-Roche ya juya wannan kallo. A littafinsa muna kwana a bukkar tsauni tare da jagora, muna tashi da shi tun dare bai ƙare ba domin a wuce kafin rana ta sassauta ƙanƙara duwatsu su fara gangarowa. Muna ganin baƙo da idon wanda ke ɗauke da ransa.

Babin Drus shi ne zuciyar littafin. Tun da farko an sanar da mu Jean ya mutu, sannan aka koma baya a nuna mana yadda abin ya faru. Da yake mun san ƙarshen, kowace alamar hadari tana ƙara nauyi, kuma hankalinmu na komawa kan dalili. Jean bai yi kuskuren karanta sararin sama ba. Ya gani, ya faɗa. Abin da ya kashe shi ya faru ne tun kafin aradu, a lokacin da ya bar maganar mai biya ta hau kan tasa.

A nan mai karatu Bahaushe zai tsaya ya yi tunani, domin mu ma mun san sana'ar jagoranci. Fataken da a da ke zuwa Gwanja neman goro, da ayarin gishirin da ke ratsa Tenere zuwa Bilma, duk suna da madugu uban tafiya. Attajiri na iya fin madugu dukiya, amma inda za a yada zango da lokacin da za a tashi, madugu ke yankewa, saboda jama'a da yawa sun ɗora masa amana kuma ba mutum ɗaya ke riƙe da abincinsa ba. Jagoran Alp yana cikin wani hali daban. A kan dutse shi ne sarki, a ƙasa kuwa ma'aikacin wanda yake ba wa umarni ne. A zamanin labarin, lokacin aikinsa ƴan watannin bazara ne, da su zai ciyar da gida shekara guda, kuma baƙon da ya sauko da fushi zai ɓata masa suna a otal. Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jean ya ci ladan, askin kuwa ransa ne.

Ta fuskar salo, an ga hannun ɗan jarida. Babi-babin gajeru ne, kowanne yana ƙarewa inda zai sa ka nemi na gaba, gadon fitowarsa kashi-kashi. Mu da muke aiki da kunne a rediyo muna gane irin wannan rubutu: ana iya karanta shi a bayyane ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Bayanin aiki ma a sarari yake, yadda ake sare matakala a jikin ƙanƙara da gatari, yadda na baya ke sakin igiya sannu a hankali yana tsare na gaba. Ko wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba zai bi tafiyar.

Inda ya gaza

Bayan aradu, littafin ya sauya jigo. Ya bar rikicin lada da iko, ya koma labarin saurayin da ke neman lafiyar zuciyarsa. Labarin Pierre yana da daɗi, kuma bayanin jiri a wurin wanda ya tashi a kan dutse yana taɓa rai. Sai dai an warware shi a inda babu mai biya. Pierre ya hau Aiguille Verte ne da abokinsa, mutum biyu masu ra'ayi ɗaya. Jarrabawar da ta kayar da mahaifinsa, wato ya dubi idon attajiri ya ce mun juya, ba mu ga an yi masa ita ba. An nuna mana ya daina tsoron rami. Ba a nuna mana zai iya jure a kira shi matsoraci ba, alhali wannan ne ya kai ubansa kabari.

Warfield kansa bai samu adalci ba. An zana shi mai taurin kai da taƙama da kuɗi, sannan aka haukatar da shi, ta yadda babu sauran damar a zauna da shi a yi hisabi. Wannan ya sauƙaƙa wa marubucin aiki: laifi ya tafi da baƙo, kwarin Shamoni ya fita da tsarkinsa. Amma ai marubucin da kansa ya gaya mana Jean na gina masaukin baƙi da gumin tsauni. Da ya ɗaure waɗannan zaruruwa biyu, da mun ga cewa burin raba ɗa da hatsari yana cikin abin da ya sa uban ya kasa cewa a'a. Kayan wannan babban labari suna hannunsa, sai ya fi karkata ga fahariyar namiji.

Mata ma an bar su a baya. Mahaifiyar Pierre da Aline aikinsu jira da kuka da lallashi. Matar da ta rasa miji a kan dutse, ɗanta kuma ya nufi can, tana da magana mai yawa a bakinta, littafin bai tsaya ya saurare ta ba. Sannan dogon yabon rayuwar ƙauye, da faɗan shanu a makiyaya, da gadon sana'a, yana tuna wa mutum shekarar da aka rubuta shi, lokacin da gwamnatin Vichy ke wa'azin aiki da iyali da ƙasa. Ban ce marubucin ɗan kanzaginta ba ne, domin daga baya ya shiga cikin masu yaƙar mamayar Jamus. Amma wannan iska ta taimaka wa littafin, har Louis Daquin ya mayar da shi fim a 1944.

Sunan da ya fita daga hannun mai shi

A watan Oktoba na 2017 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ari sunan nan ya laƙaba wa masu hannu da shuni, waɗanda a cewarsa ke jan sauran jama'a zuwa sama. Wanda ya karanta littafin zai ga an juya hoton. Na gaban igiya shi ne ya fi kowa shiga hatsari. Idan na baya ya zame, igiyar da ke sama tana riƙe shi nan da nan. Idan na gaba ya zame yana mita biyar sama da inda aka maƙala igiyar, sai ya faɗo mita goma kafin ta tare shi. A labarin Frison-Roche, na gaba ɗan lada ne, mai kuɗin yana baya ana jansa.

Kammalawa

Ina ba da shawarar a karanta shi, musamman rabin farko, wanda ya isa a koya wa matasan marubutanmu yadda ake gina fargaba ko da mai karatu ya san ƙarshe. Wanda ya ƙosa da ƙari, akwai La Grande Crevasse na 1948 da Retour à la montagne na 1957. A karanta kuma da ido biyu. Direban da fasinja ke matsa wa ya yi gudu, da mai kwalekwalen da aka ce ya ƙara mutum biyar, duk sun san tsayuwar da Jean Servettaz ya yi a jikin Drus. Littafin ya kai mu wurin, ya nuna mana kuɗin da ake biya idan jagora ya sunkuya. Yadda jagora zai ƙi sunkuyawa ya kuma ci abinci gobe, wannan bai faɗa mana ba.