Itacen Tenere da darasin Muze

Abin da ya fi burge ni a gidan tarihin Bubu Hama na Yamai, wanda muke ce ma Muze, shi ne tsarin gininsa. Tun buɗe shi a 1959 ɗakunan a warwatse suke cikin fili, da ado irin na ginin Hausa. Daga wannan zuwa wancan sai ka taka ƙasa, ka sha rana, ka laɓe a inuwa. Kunne na jin gudumar maƙeran azurfa, hanci na shaƙar fatar dukawa. Jikinka duka ke kallo.

Amma ku dubi itacen Tenere. Darajarsa ita ce tsayuwa shi kaɗai tsakiyar hamada, tafiyar kwanaki babu wani itace. Da mota ta kaɗe shi a 1973, aka kwaso shi aka ajiye ƙarƙashin rumfa cikin Muze. An ceci itacen, to ina kaɗaicin? Wanda bai san labarin ba, wallahi itacen girki zai gani.

Ƴan uwa, darasin namu ne a Arewa. In har za a gina gidan tarihin Sarauniya Mangu, a gina shi a Lugu, inda ta tari rundunar Kyaftin Vule cikin Afrilun 1899, da ƙasar wurin da duwatsunsa, ƙofa na duban dajin da mutanenta suka fake. Dutsen Tunguma kuwa a bar shi inda yake. A gyara hanya, mai son gani ya taka.