Jaridar Pravda da Alƙalamin Demyan Bedny

Ranar 5 ga Mayu, 1912 aka fara buga jaridar Pravda, wato Gaskiya, a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha. Jaridar 'yan Bolshevik ce, masu ra'ayin juyin-juya-hali, kuma karo-karon ma'aikata ne ya taimaka wajen riƙe ta. Gwamnatin Sarki Nicholas na Biyu ta sa mata ƙahon zuƙa. Yau a ci ta tara, gobe a ƙwace bugun ranar, jibi a ɗaure edita. Sau takwas tana sauya suna saboda rufewa, har aka dakatar da ita ɗungurungum a watan Yuli, 1914.

Abin da ya shafe mu, mu marubuta, shi ne waƙoƙin da Demyan Bedny ya riƙa bugawa a cikinta. Sunan alƙalami ne, ma'anarsa Demyan Matalauci. Da yake ba dama a ambaci azzalumi da suna, sai ya koma ga tatsuniya da habaici. Ma'aikaci ya karanta ya gane da wa ake, mai tace labarai kuwa ya rasa inda zai kama. A nan ƙarfin waƙoƙin yake, ga sauƙin harshe ga kaifin zambo. Sai dai a ganinmu suna da rauni babba. Mutanen cikinsu kashi biyu ne kacal, mugu da nagari, kuma jam'iyya ce ke raba su.

Wannan rauni ya fito fili da mulki ya dawo hannunsu. A Nuwamba, 1917 gwamnatin Lenin ta kafa dokar rufe jaridun adawa, a 1922 kuma aka kafa Glavlit, hukumar tace rubuce-rubuce. Ba mu ga Bedny ya juya habaicinsa kan wannan takunkumi ba. A 1936 aka hana nuna wasansa Bogatyri, a 1938 aka kore shi daga jam'iyyar da ya yi wa bauta.

Saboda haka muna yaba jaruntar Pravda ta farko, amma ba za mu kira ta mai fafutukar 'yancin rubutu ba. Bakin jam'iyyarta take nema a buɗe. Ya kamata duk marubucin da zai ara wa wata jam'iyya alƙalaminsa ya fara tambayar yadda za ta yi da jaridun abokan hamayya in ta hau mulki.