Babban Gida Bayan Mutuwar Gandu

Duk lokacin da aka tayar da zancen watsewar babban gida a Kano, mutum biyu ake ɗora wa laifi: ɗan bokon da ya ƙi zama kusa da mahaifinsa, da amaryar da ta ce ba za ta haɗa tsakar gida da uwar miji ba. Hukuncin yana da daɗin faɗa a majalisa, amma ya tsallake abin da ya riƙe gidan tun asali. Gandu ne ya tara kaka da 'ya'ya da jikoki a bayan zaure ɗaya, gandu kuwa yarjejeniya ce ta ci da sha, wadda ta ɗora wa kowane ɓangare nasa nauyin.

A ƙarƙashin gandu, ɗa ko da ya yi aure yana noma gonar mahaifinsa daga safe zuwa wajen azahar, sauran yinin kuma ya tafi gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Shi kuma maigida shi zai ciyar daga rumbun gandu, ya ba da iri da kayan aiki, ya biya wa ɗan haraji, ya yi masa auren fari. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta Katsina a littafinta na 1972, sannan ta yi na Dorayi a littafinta na 1977, ta nuna cewa manoma masu hali su suka fi riƙe 'ya'yansu a gandu, ɗan talaka kuwa da wuri yake ballewa, kuma gandun yakan watse bayan rasuwar uba, don 'yan'uwa ba su cika jimawa a kansa ba. Ashe ko a zamanin da muke yi wa kallon na albarka, ladabi bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba sai da rumbu a bayansa.

To, a ɗauko wannan ma'auni a kawo Tudun Murtala, unguwar da ke cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum kusan 600,000. A nan babu gona, babu rumbu. Harajin da uba ke biya wa ɗa ma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tun 1979. Ɗa ɗaya yana jan adaidaita sahu, ɗaya yana tsaron shago a kasuwar Singa, ɗaya yana jiran albashi, kowa da aljihunsa da sirrinsa. Duk da haka gidajen cike suke: an yanki soro an yi shago, an toshe rabin tsakar gida an fitar wa sabon ango ciki da falo, murhu uku ko huɗu suna hayaƙi a fili ɗaya, kowa tukunyarsa daban. Abin da ya rage na tarayya shi ne banɗaki da kuɗin wuta da kuɗin ɗan garuwa, kuma a kansu ake yawan saɓawa, domin babu wanda al'ada ta ce shi zai biya. Gandu ya san amsar wannan tambaya. Gidan yau ya gaji cunkoson, bai gaji ƙa'idar ba.

Ƙasar Sin ta riga mu bin wannan hanya. Koyarwar Konfushiyas ta sa biyayya ga iyaye a sahun gaba na kyawawan ɗabi'u, kuma burin magidanci shi ne ya ga zuriya huɗu a gida ɗaya. Amma ƙaura zuwa biranen masana'antu da dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, sun bar miji da mata suna ɗauke da tsofaffi huɗu. Ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin gida a can bai kai mutum uku ba. Har ta kai a 2013 doka ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu. Idan al'ummar da ta shekara fiye da dubu biyu tana karantar da wannan ɗabi'a ta koma neman taimakon kotu, to wa'azi kawai ba zai mayar mana da gandu ba.

Za a ce addini ya umarce mu da kyautata wa iyaye. Haka ne, babu ja. Sai dai shari'ar da ta wajabta ciyar da iyaye mabuƙata ita ce ta ba mace haƙƙin mazauni na kanta, ita ce kuma ta yanka wa kowane magaji rabonsa. Ba ta sharɗanta kwana a gida ɗaya ba. Akwai wanda ɗakinsa ke jikin na mahaifiyarsa amma bai san sunan maganin hawan jinin da take sha ba, akwai kuma na Dakata ko Hotoro da ba ya fashin zuwa da cefane.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta talauci, kuma ba a raina ta. Babban gida yana kare matashi daga kuɗin haya, yana ba mai jego mai yi mata wanka, bazawara da maraya suna samun inda za su fake, a ƙasar da yawancin tsofaffi ba su da fansho. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata a bar shi kara zube ba. Gidan gadon da aka ƙi rabawa shekara da shekaru don jin kunya, damina ce take raba shi, saboda ba wanda zai sa kuɗinsa ya gyara rufin da bai tabbata nasa ba ne.

Magidantan Tudun Murtala da ke son 'ya'yansu su zauna kusa, su tara su tun suna da rai, a faɗa a fili wa ke da wane sashe, wa ke biyan wuta da ruwa, wa ke ɗaukar asibitin tsohuwa, a rubuta a gaban shaidu. Limamai da masu unguwanni kuma su ƙarfafa raba gado da wuri kafin jikoki su shigo cikin lissafin.