Takardar Asali: Da Wa Ake Wannan Muhawara?

A watan Yulin 2025 Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye ƙudurin da ya kai majalisa kan batun ɗan asali. Abin da ƙudurin ya nema shi ne, wanda aka haifa a jiha, ko ya shekara 10 yana zaune a cikinta, ko aure ya haɗa shi da ita, a ɗauke shi ɗan wurin. Hayaniya ta tashi, musamman daga ƙungiyoyin ƙasar Yarabawa masu tsoron kada Legas ta kuɓuce musu, sai ya ce a dakata a ƙara tuntuɓa. Shi ke nan, aka naɗe tabarma. Mu kuwa nan Maje, da maganar ta fi shafa, a rediyo kawai muka ji ta.

Tsarin mulkin 1999 kansa baki biyu gare shi. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ya fito. Amma sashe na 147 ya ce dole a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya ɗaura zama ɗan jiha a kan inda iyaye ko kakanni suka fito. To wanne za a bi?

Ku dubi yaran unguwar nan. An haifi yaro a Suleja, nan aka yanka ragon sunansa, nan ya yi allo da firamare. Ubansa shekara talatin yana biyan kuɗin rumfa, ko yana jan tanka daga defot, kuma duk zaɓe yana kan layi tun asuba. Ranar da aka buɗe ɗaukar 'yan sanda ko soja, ko tallafin karatu, sai a ce ya kawo takardar ƙaramar hukumarsa ta asali. Ya hau mota zuwa ƙauyen kakansa a Katsina ko Sakkwato, dagaci ya kalle shi ya ce, "Kai ɗan gidan wa?" Nan baƙo, can baƙo. Ɗan mai kuɗi fa? Waya ɗaya ubansa zai buga, takarda ta iso har gida. Wallahi wannan katanga talaka kaɗai take tarewa.

Abin mamaki, a Suleja ake wannan. Garin da sarakunan Zazzau suka kafa bayan sun baro Zariya zamanin jihadi, Abu Ja ya gina shi a 1828. Garin da a 1976 ya ba da sunansa da ƙasa mai yawa aka yi babban birni, aka ce birnin kowa da kowa ne. Da aka zo rusau zamanin minista El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ina talakawan birnin kowa da kowan suka kwaso kayansu suka nufa? Madalla da Suleja da Maje da makamantansu.

Amma fa kada son kai ya rufe mana ido. Tsoron Gwarawa da Koro ba na banza ba ne. Mutanen da suka ga gonakin kakanninsu sun koma titi da ofisoshi, in suka ji an ce shekara 10 ta isa mutum ya zama ɗan ƙasa, dole gabansu ya faɗi. Nan ne ƙudurin Kalu ya yi rauni a ganinmu: ya zuba komai a tukunya ɗaya. Sarauta da gonar gado daban, gurbin makaranta da aikin gwamnati daban. Ba wanda ya zo Maje neman rawanin wani. Abin da muke cewa, inda mutum yake biyan haraji, nan ya kamata ɗansa ya nemi karatu da aiki. Da an raba biyun nan, da masu adawa sun rasa rabin hujjarsu. Mun ga abin da cakuɗa su ya jawo a Zangon Kataf a 1992, da Jos a 2001 da 2008. Allah ya kiyaye.

Akwai kuma sharaɗin da wasu 'yan uwa ba sa son ji, mun sha faɗarsa bayan sallar Magariba. In mun nemi wannan haƙƙi a Neja, to ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, ubansa ma can aka haife shi, ya cancanci irinsa a Kano. 'Yan majalisar da ke wakiltar Suleja a Minna da Abuja za su dawo neman ƙuri'a kafin 2027. Duk wanda ya shigo Maje, kafin ya raba atamfa da taliya, a tambaye shi matsayinsa kan takardar asali, a gaban jama'a.