Ƙarfe da Takarda: Gwanintar Masu Tayar da Tsohuwar Fijo a Yammacin Zamfara

A kan hanyar da ta tashi daga Mayanci ta ratsa Anka da ƙasar Bukkuyum, ta bi ta Daki Takwas ta shiga Gummi, har yanzu akan ci karo da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Fijo, an danƙara mata buhunan gero har bayanta ya zauna. Wata ta girmi direban da ke tuƙa ta. Mai wucewa a sabuwar mota yakan yi mata kallon tausayi, alhali kafin ta kai ga hawa wannan titin sai da wani ya yi mata aiki biyu masu wuya: ya tayar da ƙarfen, sannan ya tabbatar wa hukuma cewa wannan ƙarfen shi ne wanda takarda ta ambata.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da yin ban kwana da ita. A lokacin ita ce motar jami'an gwamnati. Daga nan sai gwanjo, sai haya tsakanin garuruwa, sai kasuwannin ƙauye. Kowane mataki da sabon mai ita, kuma ba kowa ne ya adana takarda ba.

Abin da ya sa bakanike ke ƙaunar injinta shi ne an gina shi don a buɗe. Kowane fistin yana gudu ne cikin wani bututun ƙarfe da ake iya zarewa, ruwan sanyaya inji na zagaye shi. In ya cinye, ba sai an kai gangar injin wurin masu gurzawa ba. A zare tsohon bututu, a sa sabo da fistinsa da zobbansa. Da faɗi da sauƙi. Sai dai dole bakin bututan nan huɗu ya ɗara saman gangar da ɗan abin da ido ba ya gani sosai, kuma su ɗara daidai da juna. Ɗaya ya yi ƙasa, ruwa zai sami hanyar shiga baƙin mai. Shi ya sa in an cire kan injin, gwani ba ya barin yaro ya juya injin sai an danne bututan da ƙarfe da noti, don juyi ɗaya ya isa ya ɗaga su, ya karya hatimin da ke gindinsu. Kan injin kuwa na alminiyom ne, zafi na lanƙwasa shi. Za ka ga maigidan gareji ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe, ya ɗaga shi sama yana duban ko haske zai ratso ta ƙarƙashi. In ya zo ɗaure notunan, daga tsakiya yake farawa ya nufi gefe, sannu a hankali, zagaye bayan zagaye.

Babu kwamfuta a jikin wannan mota. Kafireta ce da fulogi da kunnen mai gyara. Kayan da babu a gari akan yi saƙonsu daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in kuwa an yi sa'a akwai wata matacciyar Fijo a bayan garejin da za a ci gadonta. Sau da yawa motar da ta tashi haɗin gambiza ce: jiki na wannan, inji na waccan, giya da ƙofofi na wata ta uku.

To a nan ne aiki na biyu ke farawa, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar yabo, don ba a cika ganinsa ba. Mota uku sun zama ɗaya. Wace ce daga ciki ta tashi? Amsar tana jikin lambar shasi. Gwani kan buɗe bonet ya nemi inda aka buga ta a jikin ƙarfe, da ƙaramin allon da masana'anta ta manna. Shekara talatin na ƙura da mai da fenti sun rufe wurin. Ba ya sa injin gurza, domin wanda ya gurje lamba da hannunsa ya mayar da motar halal abin zargi. Kananzir yake sawa da tsumma da burushi mai taushi, ya haska tocila daga gefe don inuwa ta fito da ramin kowane harafi, ya ɗora farar takarda ya goga fensir har lambar ta bayyana. Ba karantawa kawai yake yi ba. Yana duban ko lambobin sun jeru a layi ɗaya, ko zurfinsu ɗaya ne, ko akwai tabon walda a kewayen wurin da zai nuna an yanko ƙarfen daga wata motar an dasa. Daga 1981 lambar shasi ta zama mai gurbi 17 a yawancin motocin duniya, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a ciki. Tsofaffin da suka riga wannan tsari lambarsu gajera ce, kuma akan sami matashin ma'aikaci ya ga gajeriyar lamba ya ɗauka an yanke ta. Sai wanda ya san tarihin ƙirar ne zai iya yi masa bayani.

Bayan lamba, sai salsala. Wa ya sayar wa wa? Wadda aka harhaɗa a Kaduna ta huta da neman takardar kwastan, ba kamar 'yar Kwatano ba. Wadda ta fito daga hannun gwamnati tana bukatar takardar gwanjo. In takardun asali sun ɓace, sai rahoton 'yan sanda da rantsuwa a kotu. In an canza inji, a riƙe rasidin wanda ya sayar da shi, a kai sabuwar lambar ofishin lasin a gyara; haka ma in an canza launi. Daga nan jami'an duba lafiyar mota su gwada birki da fitilu da sitiyari su ba da shaidar ta cancanci hawa titi, a biya inshora, wadda tun Janairun 2023 mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Lambar da za a maƙala kuwa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga ta: shuɗin rubutu ga motar gida, ja ga ta haya, haruffa uku na farko na ƙaramar hukuma, kamar GUS na Gusau. Fijon da aka fara yi wa rajista da SO, zamanin da Anka da Gummi ke cikin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996, ta sauya lamba fiye da sau ɗaya, don an sake tsarin a 1992, aka kuma sake a 2011. Kowane sauyi wata dama ce ta kuskuren rubutu, kuma harafi ɗaya da ya saɓa ya isa ya kwanar da mota a shingen bincike. A yankin da matsalar tsaro ta sa shingaye suka yawaita, wannan ba abin wasa ba ne.

A Ingila an mayar da wannan shaidar aikin ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin motoci. Wanda ya tayar da motar da ta ɓace daga kundin hukumar rajistar motoci ta DVLA, yana son a maido mata da lambarta ta asali, zai cike fam mai suna V765, ya haɗa da tsohuwar hujja, ya nemi ƙungiyar da hukumar ta amince da ita a kan irin wannan ƙirar. Su za su binciki motar su sa hannu. In babu hujjar tsohuwar lamba, ƙungiyar na iya tabbatar da shekarar ƙira a ba ta lambar da ta dace da zamaninta. Wadda asalinta ya gagara ganewa sai a ba ta lamba mai farawa da Q, abin da ke karya mata daraja. Motar da ta haura shekara 40 ana yafe mata harajin hanya. A Faransa da Jamus shekara 30 ce ke sa mota ta shiga sahun kayan tarihi.

Wanda ya je Gummi yana cigiyar irin wannan ƙungiya, gareji da tasha za a nuna masa. Ba kuskure aka yi ba. Tsohon bakaniken da ya yi shekaru yana buɗe Fijo ya san motocin yankin ɗaya bayan ɗaya: wadda ta taɓa faɗawa rami aka sake mata gaba, wadda injinta ya fito daga motar wani ɗan kasuwa da ya rasu. A tasha kuma, reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ba ya sa mota a layi sai an san mai ita da direbanta. Kamar dai a kara ne, inda mai hankali ba ya sayen sa sai ta hannun dillalin da ya san garken da ya fito. Bambancin shi ne shaidar ƙungiyar Ingila hukuma na karɓarta a rubuce, ta tsohon bakanikenmu kuwa a baki take, kuma ranar da ya kwanta dama ta tafi da shi. Da ofishin lasin zai riƙa karɓar rubutacciyar shaidar ƙungiyar kanikawa a kan tsofaffin motoci, da an rage wa masu gaskiya zirga-zirga zuwa Gusau.

Akwai kuma motar da gwani ke ƙi. In mutum ya jawo masa Fijo mai arha fiye da kima, tambayar farko ita ce: "Alhaji, ina takardun wagga mota?" In amsar ta zo da kame-kame, ko ya ga tabon walda inda bai kamata ba, ba zai kwance ko noti ɗaya ba, komai kuɗin da aka ajiye. Wadda ta tsallake kuwa, ko an maƙala mata lamba ba a sake ta haka nan. Makonnin farko rabin lodi ake yi mata, ba gudu, direba na lura da allurar zafi. Daga nan ta dawo gareji ta kwana, da safe injin na sanyi a sake ɗaure notunan kansa, a daidaita bawul, a juye baƙin man farko a duba ko da ɗigon ruwa a ciki.