Masu Jera Buhuna a Mangazun Gagamari

Mangaza ita ce zangon tattasan kwarin Komadugu tsakanin gona da kasuwa, kuma amincinta yana hannun mai kula da ita da ƴan dakonsa. A Gagamari, cikin ƙaramar hukumar Shetimari ta jihar Diffa, aikinsu ya ƙara nauyi tun shekarar 2014, da mutanen Damasak suka tsallako kogi suna gudun Boko Haram, ajiyar hatsi ta zama batun rai.

Aikin yana farawa daga ƙasa. Ana share daɓe, a shimfiɗa katakai daidai wa daida, don kada danshi da gara su taɓa buhu. Sannan a ɗora buhuna a sarƙe, kamar ginin tubali, masu nauyi a ƙasa. Ana barin rata tsakanin jeri da bango, da hanyar wucewa, domin iska da ƙidaya da neman sawun ɓera. Jerin da ya karkata ana sauke shi nan take, tun bai danne mutum ba. Kayan da suka riga shiga su ke fara fita.

Wannan tsanaki shi ke kare gumin manomi da abincin mabuƙaci. Masu jera buhuna sun cancanci jinjina.